Ai Ƙofa A Buɗe Take

Daga kafet rigimar ta fara. Vern ne ya kwaso shi, fari fat, ya sa aka shimfiɗa tun daga falo har bakin ɗakin kwana, a gidan da ke da karnuka biyu. Duk wanda ya ji sai ya riƙe baki, amma Vern ba mutumin da ake gaya wa magana ba ne. Ba a yi mako da shimfiɗawa ba tsohuwar karyarsu Tilli ta tsula fitsari a tsakiyarsa. Ba rashin tarbiyya ba ne, tsufa ne, mararta ce ta daina riƙewa. Lorna, matar gidan, ta durƙusa ta goge, ta sake gogewa har hannunta ya yi ja, tabon ya ce yana nan daram.

Vern ya tsaya a kanta da kofin kofi a hannu yana kallon wurin kamar an yi masa mutuwa.

"Daga gobe a waje za su riƙa wuni," in ji shi.

"Wane waje? A Janairun nan?"

"Suna da gashi, Lorna. Ke ce ba ki da shi."

"Rosko ke da gashi. Dubi Tilli don Allah, haƙarƙarinta ana ƙirgawa."

"To ai ba daji na ce zan kai su ba. Ga gareji nan. Na huda musu 'yar ƙofa, na rataya fitilar ɗumi, na shimfiɗa bargo. In sun ji sanyi su shige, in sun gaji su fito. Wani ɗan adam ɗin ma bai samu wannan gatan ba."

"Mu bar su a ɗakin wanki mana. Babu kafet a can."

"Su cinye mini ƙofa? Kin manta abin da Rosko ya yi wa ƙafar kujera?" Ya kurɓi kofinsa. "Ai ƙofa a buɗe take. Me kuma kike so?"

Abin haushin, Vern bai taɓa ɗaga murya ba. Da zai yi ihu da Lorna ta san yadda za ta yi da shi. Amma a hankali yake magana, da murmushi, irin yadda yake lallaɓa manoma su sayi tarakta a shagon da yake aiki, har sai ka ji kamar kai ne mara hankali. Shekarunsu da yawa da aure, babu ɗa babu jika, kuma a duk tsawon zaman nan Lorna ba ta tuna ranar da ta ci gardama a gidan ba.

Tilli karyar mahaifinta ce. Da tsohon ya rasu aka sayar da gonar, shanu suka tafi a manyan motoci, 'yan'uwa suka rarraba kujeru da kwanuka, Lorna ta buɗe ƙofar motarta Tilli ta hau ta zauna. Abin da ta gada ke nan daga gidansu, kuma ba ta taɓa jin an cuce ta ba. In ta dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, Tilli za ta zo ta ɗora haɓa a gwiwarta ta yi ajiyar zuciya, daidai yadda take yi wa tsohon a bakin murhu. Shi kuwa Rosko na Vern ne, ƙaton kare baƙi wanda aka saya da sunan farautar agwagi, farautar da har yau ba a je ba. Yana ɗan kwikwiyo aka kawo shi, yana kukan uwa, Tilli ta jawo shi jikinta ta lashe shi tas. Tun daga ranar ba ta cin abinci sai ta ga ya sa baki, ba ta kwanciya sai ya kwanta. Ya ninka ta girma yanzu, amma ita har gobe jariri take ganinsa.

A unguwarmu ba a kafa shinge. Dokar ƙungiyar masu gidaje ce: ciyawar gaban gidanka ta haɗe da ta maƙwabcinka, ta miƙe shar har ƙarshen titi, wai don gidaje su riƙe darajarsu. Vern ne mataimakin shugaba, kuma shi da kansa ya tsaya a kan mutanen gidan da ke kwanar titi sai da suka tumɓuke ɗan shingen katakon da suka yi wa yaransu. To mutumin da ya yi wannan, ina zai kafa wa kare shinge? Sai ya yi abin da kowa ke yi a nan. Kafin sanyi ya shigo ya kira masu aiki suka binne wayar lantarki a ƙasa, ta zagaye gidan kaf, har ta ratsa hanyar mota. Aka ɗaura wa kowane kare abin wuya mai 'yan ƙusoshi biyu da ke taɓa fata. In kare ya matso kusa da wayar, abin ya yi ɗit-ɗit-ɗit. In ya ƙara taku, wuta ta ja shi.

Ranar da aka koya musu, da ƙyar Lorna ta iya tsayawa. An kakkafa 'yan tutoci farare a kan layin, Vern ya riƙa jan su da igiya har wurin. Tilli sau ɗaya wuta ta ja ta, ta yi ƙara, ta koma bayan Lorna tana rawar jiki, ba ta sake kusantar wurin ba. Rosko kuwa mai taurin kai ne, sai da ya sha sau da yawa.

"Yana musu zafi, Vern."

"Haba. Kamar cizon sauro ne."

"Ka gwada a jikinka?"

"Mai sayarwar ya ce kamar cizon sauro ne. Ni kare ne da zan gwada?"

Da, in an sake su a filin akwai mutum a gida. Bayan maganar kafet ne aka fara barinsu tun safe har yamma, ba kowa. Lorna na fita da sassafe zuwa masana'antar cuku, Vern ke fitar da su in zai tafi shago. Kwanakin farko ba abin da ya faru. Ta dawo ta same su a gareji, a dunƙule wuri ɗaya ƙarƙashin jar fitilar, Vern kuwa ya riƙa tsokanarta a kan teburin abinci.

"Yaya 'yan gudun hijirarki? Sun rayu?"

Sau ɗaya ne Rosko ya hango zomo ya keta layin a guje, Vern yana gida ranar, ya kamo shi a titi, ya cire masa abin wuyan, ya jawo shi ciki yana zagi. Da yamma Lorna ta gan shi a gareji yana taɓa ɗan akwatin da ke jikin bango, wanda wayar ke fitowa daga cikinsa. Ta tambaye shi, ya ce dubawa yake yi.

Ranar da abin ya faru gari ya waye da laushi, yayyafi ake yi a kan tsohuwar dusar ƙanƙara, komai ya jiƙe jagab. Rediyon kicin ya ce kafin rana ta yi tsaka iska za ta juyo daga arewa, sanyi zai sauko da ƙarfi. Lorna ta sa rigar sanyinta ta tsaya a bakin ƙofa. Tilli na kwance a kan tabarmarta, ta ɗago kai da ƙyar, gaɓoɓinta sun riƙe kamar kullum da safe.

"Vern, ka ji abin da suka ce. Yau ɗaya dai, ka bar su a ɗakin wanki."

"Mhm."

"Vern."

"Na ji, na ji. Za ki makara."

Ta san "na ji" ɗin Vern. Ta sani sarai. Amma ta sunkuya ta shafa kunnen Tilli, ta ɗauki makullin mota ta fita.

A masana'antar ba taga ko ɗaya. Salula a loka, wato ɗan akwatin ajiyar kayan ma'aikaci, ake barinta, a rufe gashi da raga, a tsaya a bakin inji cuku na wucewa ana naɗewa. Ba ka sanin ko rana ake ko ruwa. Sai da aka tashi cin abinci Lorna ta leƙa ƙofar baya, iska ta mare ta har sai da numfashinta ya ɗauke. Yayyafin safe ya daskare a kan komai. Motoci sun zama kamar an zuba musu gilashi, igiyoyin lantarki sun yi nauyi sun lanƙwaso. Ta ruga loka ta kira Vern, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Sai ga ɗan saƙo: yana tare da mai saye, zai kira ta.

Nan ne wurin da Lorna ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. Ta tsaya da makullin mota a hannu. Ofishin mai kula da su na nan kusa, za ta iya shiga ta ce gida ba lafiya. Amma ta riga ta cinye ranakun hutunta lokacin jinyar mahaifinta, an kuma ja mata kunne, ga shi ana raɗe-raɗin rage ma'aikata. Kuma me za ta ce? Kare? Sai ta ji kanta tana faɗa wa kanta, da muryar Vern sak, har da ɗan murmushin: ai ƙofa a buɗe take. Ga fitila, ga bargo. Ta mayar da makullin aljihu, ta koma bakin inji, ta ci gaba da naɗe cuku.

Da aka tashi ba ta tsaya sallama da kowa ba. Hanya santsi, motoci na jan ciki, biyu sun zame sun faɗa rami. Rana ta yi ƙasa ta yi ja, ba ɗumi ko kaɗan a cikinta. Tana karyo kwanar titinsu ta hango baƙin abu a bakin hanya, gaban gidansu, kusa da akwatin wasiƙa.

Rosko ne. A waje.

Ta taka birki motar ta zame ta tsaya a karkace ta toshe hanyar shiga. Yana zaune a kan ƙanƙara, gashinsa ya daskare ya yi tsinke-tsinke, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye ya ɗaga ɗaya. Da ya gan ta bai yi tsalle ba, bai yi haushi ba, wani siririn kuka ya yi kamar na ƙofar da ba mai. Ta tuɓe safar hannu ta durƙusa ta rungume shi.

"Kai, Rosko, kai! Me ya fito da kai? Me ya hana ka komawa, wawa?"

Ta lalubo abin wuyan ta ɓalle. Fatar da ke ƙarƙashin ƙusoshin ta yi ja ta saluɓe. Ta kama gashin wuyansa ta ja shi zuwa gida, ya turje, ya baje ƙafafu, ya fasa ihu kamar ana yanka shi. Ba abin wuya a jikinsa, amma ina, ya ƙi. Idonsa ba a kanta yake ba, ba kuma a kan gidan ba. Wuri ɗaya yake kallo a cikin filin.

Ta bi idonsa.

Can cikin ciyawar da dusa ta rufe, taku kaɗan daga inda suke, akwai ɗan tudu mai ruwan ƙasa. Da farko ta ɗauka buhun ganye ne iska ta kwaso.

Ba ta san ta tashi ba. Ta ruga, abin wuyan na damƙe a tafin hannunta, ƙusoshin a cikin jiƙaƙƙiyar fata. Ta ji ɗit-ɗit-ɗit, ba ta gane daga ina yake ba. Sai wuta ta ja ta. Kai! Kamar an buga mata guduma a gwiwar hannu, abin ya bi kafaɗa ya hau har haƙoranta, ƙafarta ta zame ta faɗi rub da ciki, haɓarta ta daki ƙanƙara. Ta ɗanɗana jini a bakinta. Ta kwanta nan tana kallon abin da ya faɗi daga hannunta, ta ce a ranta: wannan ne cizon sauron.

Da rarrafe ta ƙarasa.

Tilli na kwance a kan cikinta, ƙafafun gaba a miƙe, haɓarta a kansu, fuskarta na kallon titi, daidai inda Rosko ke zaune. Ta matso iyakar inda za ta iya matsowa ba tare da abin wuyanta ya yi ƙara ba, ta kwanta nan. Ƙanƙara ta kama gashin bakinta da girarta. Lorna ta sa hannu a haƙarƙarinta. Sanyi ƙalau, kuma ya yi tauri.

"Tilli. Tilli, tashi mana. Na dawo."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. 'Yar gona ce, idonta ya saba karanta sawu, kuma dusar ta riƙe komai, ta daskare da shi. Ga sawun barewa ya ratsa filin. Ga na Rosko a bayansa, tsalle-tsalle masu nisa, ya keta layin da gudun da bai ba shi damar jin zafi ba. Ga inda ya dawo a hankali, jini ya huce. A wajen layin ya tattake hanya, daga akwatin wasiƙa zuwa iyakar maƙwabta, ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana neman kafa. Nan da can akwai wurin da dusar ta tarwatse, inda ya gwada shigowa wuta ta watso shi baya. Shingen da Vern ya binne bai san ɗan gida ba. Wanda ya hana fita, shi ya hana shigowa.

Sannan ga na Tilli, 'yan ƙananan sawu masu jan ƙafar baya. Daga nan zuwa 'yar ƙofar gareji, daga ƙofar zuwa nan. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har hanya ta fito. Tana zuwa bakin ƙofar ta juyo. Nuna masa take yi: ga hanya, taho. Ta ƙasan 'yar ƙofar ana hango jan hasken fitilar, tana ta ci tun safe tana ɗumama bargon da ba kowa a kai.

A nan ne kukan ya zo mata, mai ƙarfi, mara kyan ji.

"Lorna? Lorna, sannu. Wayyo, sannu."

Misis Olstad ce, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu. Ta fito cikin doguwar rigar sanyi da hular ulu, ta tsallako titi tana dogara sanda, ta tsaya cak a bakin ciyawar. A nan ba a taka ciyawar mutum sai ya ce bismillah, ko da kuwa gawa ce a kai.

"Tun safe nake kallonsu ta taga," in ji ta. "Raina duk ya ɓaci. Ko abincin rana ban iya ci ba."

Lorna ta ɗago. "Tun safe?"

"Tun kafin iskar ta juya. Shi baƙin yana ta kuka, ita kuma 'yar tsohuwar tana ta kai da kawowa, abin tausayi."

"Kina kallo. Ba ki buɗe masa ƙofa ba?"

"Haba Lorna, kin san ina da kyanwa. Kuma ƙaton kare irin wannan, in ya cije ni fa? Ba na son shiga harkar gidan mutane. Amma na yi abin da ya kamata, na kira Vern."

"Kin kira shi."

"Da kaina. Na ce masa ga kare sake a titi, kuma shi ya fi kowa sanin doka ta hana. Na ce karenku ne ma."

"Ya ɗauka?"

"Ya ɗauka mana. Har dariya ya yi. Ya ce in bar shi ya ji a jikinsa, gobe ba zai ƙara ba. Wai yadda ya fita haka zai koma, tunda ya ƙara wa abin ƙarfi, wannan karon zai koyi hankali." Ta gyara hularta. "Ni dai na faɗa. Bari in je in ɗora miki wani abu a wuta, ba za ki iya girki yau ba. Kina cin taliya da kifi?"

Lorna ta duba titin. Gidaje a jere, kowanne da fitilarsa a kunne, kowanne da labule, kuma ta ga labule biyu sun motsa. Ashe ba Misis Olstad kaɗai ta wuni a taga ba. Tir da unguwa, ta ce a ranta, tir da ciyawarku mai kyau.

Ta tashi ta ɗauki abin wuyan Rosko ta igiyarsa, nesa da jiki, ta fita titi yana ɗit-ɗit a banza. Ta buɗe bayan motarta, ta tallabi Rosko ta tura shi ciki, ta kunna injin ta sake masa ɗumi. Tana rufe ƙofar motar Vern ta karyo kwana.

Ya tsaya a bayan tata, ya fito yana gyara wuyan riga.

"Wace irin ajiye mota ce wannan? Kin toshe... me ya sami haɓarki?"

Sai ya hango filin. Murmushin ya tafi. A gaskiya fuskarsa ta canza, ya yi fari, ya buɗe baki ya rufe. Da a nan ya tsaya, da ya ce kaico ya yi shiru, wataƙila da labarin ya zama wani. Amma Vern ne.

"Me ya hana ta shiga gareji?" in ji shi. "Lorna, ba wanda ya hana ta. Ita ai a ciki take. Fitila na kunne, na duba da kaina kafin in fita."

"Misis Olstad ta kira ka."

"A kan Rosko ta kira ni. Ba ta ce komai a kan Tilli ba. Da ta ce Tilli..."

"Na kira ka."

"Ina tare da mutum, babban ciniki ne, ba zan tashi a tsakiya ba. Kuma ke ma ai kina da mota."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Ta haɗiye.

"Ka ƙara wa abin ƙarfi."

"Kaɗan. Don amfaninsa. Ba na son mota ta take shi." Ya sassauta murya, irin ta shago. "Ki saurare ni. Tilli ta tsufa, ke ma kin sani. Ko yau ko gobe ne. Wataƙila ma zuciyarta ce ta tsaya, ba sanyi ba. Mu shiga ciki, ki wanke fuskarki, mutane na kallonmu."

"Buɗe hannunka."

"Me?"

"Cire safar. Buɗe hannunka."

Ya cire, don bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ta ɗora masa abin wuyan Rosko a tafi, ƙusoshin a kan fata, da ɗan gashi da jini a jikinsu. Ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya, ta matse.

"To, shiga gida."

"Lorna, wannan wane irin shirme ne?"

"Cizon sauro ne. Shiga. Ga ɗumi can, ga kujerarka. Ai ƙofa a buɗe take."

Ya dubi gidan. Ya dubi tagogin maƙwabta. Misis Olstad ta tsaya a tsakiyar titi da sandarta, ta fasa tafiya. Vern ya yi 'yar dariya ta hanci, irin ta wanda zai nuna wa mace abin ba komai ba ne, ya ɗaga ƙafa ya taka hanyar motar. Taku ɗaya. Na biyu. Abin ya ce ɗit-ɗit-ɗit.

Ya tsaya cak.

Iska na kaɗa gefen rigarsa. Lorna na kallon bayan wuyansa, tana jira, kuma abin mamaki, har cikin ranta so take ya wuce. Da zai ƙara takun nan ɗaya, ya sha abin da karen ya wuni yana sha, ya faɗi ya tashi, da ta sami abin da za ta riƙe ta zauna da shi. Roƙonsa take a zuci: taka, Vern, don Allah taka.

Ya ja da baya. Ya buɗe akwatin wasiƙa, ya sa abin wuyan a ciki a hankali, ya rufe.

"Da tsada aka saye shi," in ji shi, ba tare da ya dube ta ba. "Kada ya jiƙe. In kin huce ki shigo mu yi magana kamar manya."

Ya bi hanyar motar ya wuce, hannu a aljihu. Bai dubi inda Tilli take ba.

Lorna ta koma cikin filin. Sai da ta sa ƙarfi kafin ta ɗago ta, don gashin cikinta ya manne da ƙasa. Ba nauyi, kamar ɗaurin itace. Ta ɓalle mata abin wuyan ta yar a nan, ta tuɓe rigar sanyinta ta naɗe ta, ta rungumo ta zuwa mota. Da ta kwantar da ita a kujerar baya, Rosko ya shinshina ta, ya fara lasar ƙanƙarar da ke girarta, sannan ya zagaye ta da jikinsa ya kwanta.

Ta shiga gaba ta zauna. Ba ta ɗauki kaya ba, ba ta ɗauki komai ba, ba ta ma san inda za ta ba tukuna, ta dai san ba za ta sake tsallaka layin nan ba. Ta sa giya, ta ɗaga ido ta dubi gidan sau ɗaya.

Vern na bakin ƙofa. Ya buɗe ta, haske ya zubo waje, ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya yana cire takalmi, saboda kafet.